Akushin Gidan Sarki a Ƙauye

Wanda ya fita daga birnin Kano ta arewa, ya wuce filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ba zai yi nisa ba zai tarar da Fanisau, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Ƙasa ce da ba ta da daji. Gona na jingine da gona, kuka da ɗorawa da gawo na tsaye a tsakiyar gero, kuma tun kaka da kakanni jakunan da ke kai itace da hatsi birni taki suke komowa da shi. Mu da muka taso a wannan yanki, in an ce gidan sarki ba Gidan Rumfa kaɗai ke faɗo mana a rai ba. Muna da namu na ƙauye.

Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da Fanisau ribaɗi, ya gina gida a can. Ba don shan iska ya gina shi ba. Ɗan Tunku ne ya ƙi yi masa mubaya'a, ya riƙe arewacin Kano ta wajen Dambatta, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru kafin a daidaita, a bar masa Kazaure. Cikin wannan rikici Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824, ya iske sarki ba ya birni, sai da ya hau doki zuwa Fanisau ya gaishe shi. Ashe shekara ɗari biyu ke nan gidan yana karɓar baƙin da suka ƙetaro Sahara. Da ƙura ta lafa, ya zama ɗaya daga cikin gidajen da sarakuna ke fita su yini ko su kwana, irin su Ɗorayi da Nasarawa da Takai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda a zamanin da ake ciyar da baƙo a irin waɗannan gidaje, da ma gidajen hakimai da suka kwaikwaye su. Ba a kiran baƙo ya zo ya zauna da maigida su ci tare. Sarki ma ba ya ci a gaban jama'a. Ana kai baƙo masaukinsa, a shimfiɗa masa tabarma, abinci ya biyo shi. Fura da nono ce ke fara sallama, a ƙwarya mai zane, da ludayi, don a kashe ƙishin tafiya. In an yi magariba sai akusa su jeru, baƙaƙe wul don shan mai, kowanne da faifansa a rufe. Tun kafin a buɗe, dattijon da ya san duniya ya gane matsayin da aka ba shi, daga yawan akusan da kuma wanda aka aiko ya rako su. Tuwon dawa miyar kuka na kowa ne, ko da yake man shanun da aka malala a kai yana da nasa bayanin. Tuwon shinkafa miyar taushe ya ɗara. In aka ga funkaso ko dashishi, to baƙon ba ƙarami ba ne, domin alkama sai a fadama, da ban ruwa lokacin sanyi, kuma talaka kan shekara bai ɗanɗana ta ba. Sannan zabi ko kaza, dambun nama, alkaki mai zuma, a rufe da goro.

Cin ma da ƙa'idarsa. A wanke hannu, a yi bisimilla, kowa ya ci gabansa, ba surutu. Babban baƙo ba ya suɗe akushi, yakan rage wa yaransa da waɗanda suka ɗauko. Kuɗin da ke fita daga aljihunsa ɗaya ne tak, tukuicin ɗan aike. Ya kuskura ya tambayi nawa ne abincin, ya ci mutuncin gidan.

Amma wani ya biya, kuma a nan nake rabuwa da masu yi wa zamanin da kirari ba ƙaƙƙautawa. A wancan lokaci Fanisau cike take da gandaye na sarki da na manyan bayinsa da attajiran birni, kuma bayi ke noma su. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya yi littafi guda a kan gandayen wannan gari, ya fito a 2011. Hatsin da ya zama tuwon baƙo daga nan ya fito. Kuyangi ne suka surfa, suka daka, suka durƙusa kan dutsen niƙa tun asuba. Laushin dashishin da ake yabo, gwiwar wata baiwar Allah ce da ba wanda ya riƙe sunanta. Zuwan Turawa a 1903 bai kawar da wannan nan take ba. Jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, gonaki da yawa suka koma gyaɗa, amma sai 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa.

Turawan sun zo da nasu masaukin, wato barikin rangadi. Bayan Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya tura hakimai su bar birni su zauna a ƙasashensu, sai aka rinƙa gina ɗakin ciyawa ko soro a bayan gari, nesa da jama'a, inda Di'o zai sauka in ya zo duba haraji. Kakata takan ce ranar da aka ji Bature zai kwana, tun hantsi yaran dagaci ke bin gida gida neman ƙwai da kaji da itace, 'yan mata kuma su yi ta jidar ruwa. Abin da ya fi ba ta dariya, har ta tsufa tana faɗa, shi ne mutum ɗaya tilo ya zauna kan kujera, kuku ya dafa, boyi ya sa farar riga yana kawo masa faranti ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana fama da wuƙa da cokali mai yatsu a kan kazar da ba ta kai ta kawo ba. "Ko maraya," in ji ta, "ya fi shi jin daɗin cin abinci." A wannan yanki namu, nan aka fara ganin tebur da abinci kashi kashi.

A wasu ƙasashe manyan gidajen ƙauye sun zama otal. A Ingila, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, harajin gado da tsadar ma'aikata sun sa iyalai da yawa sun kasa riƙe gidajen kakanninsu, wasu aka rushe, wasu aka buɗe su ga mai kuɗin kwana da na cin abinci. A Indiya, Maharajan Jaipur ya mai da fadarsa ta Rambagh otal a 1957. Mu ba mu bi wannan hanya ba, kuma ba don ba mu iya kasuwanci ba ne. Fatoma ya daɗe yana saukar da fatake, ya ciyar da su, ya ci ribarsa a la'adar ciniki. Mata na cikin kulle sun daɗe suna aika talla. Sai dai gidan sarauta da ya karɓi kuɗin tuwo ya sauka daga sarauta ke nan. Kuma gidan Fanisau bai mutu ba balle a nema masa sana'a: a al'ada, da Babbar Salla sarki kan yi hawan Fanisau, ya yini a can, garin ya cika da dawakai da 'yan uwa daga birni, kowane gida ya ɗora babbar tukunya.

Otal ɗin ƙauye da muka samu gwamnati ce ta gina. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi na Bagauda da na Tiga a bakin ruwa, can kudu. Tunanin ya yi kyau, amma wurin da ba shi da maigida mai jin kunyar a ce baƙonsa ya kwana da yunwa, da wuya ya ɗore a hannun ma'aikatan albashi. Bagauda yau makarantar horas da lauyoyi ce.

Girkin dai yana nan, ya sake hanya ne kawai. Wata gwaggona, wadda ta koyi alkaki da nakiya wurin tsohuwar da ta yi aiki a gidan wani hakimi, yanzu ta waya ake yi mata oda. Masu shirya biki a manyan ɗakunan taro na birni sukan aiko a ɗauka bokiti bokiti, su jera a faranti kusa da soyayyar shinkafa. Kuɗin ma ta waya ake turowa, jikanta ya je wurin mai POS ya ciro mata. Dashishi ne kawai ta ce ta daina karɓar aikinsa, don alkamar injin niƙa ba ta yi mata yadda take so, 'yan matan gidan kuma duk suna makaranta.