Takalmin Doki Daga Zamanin Romawa Zuwa Tseren Dogon Zango

Gabatarwa

A wannan takarda za mu bi diddigin wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu dawaki tuwo a ƙwarya, watau yadda za a kare kofaton doki daga cinyewa a kan doguwar tafiya. Ra'ayinmu shi ne, takalmin sawa-da-cirewa da mahaya tseren dogon zango suke yayi a yau tsohuwar dabara ce wadda ta girmi takalmin ƙarfe mai ƙusa, kuma dalilan da suka kayar da ita a dā su ne ma'aunin da ya kamata a zaɓi takalmi da shi yanzu.

Tushen Matsalar

Kofato yana tsiro daga sama, ƙasa kuma tana cin sa daga ƙasa. Tsiron bai wuce milimita 6 zuwa 10 a wata ba, saboda haka sai an yi kusan shekara kafin kofato ya sabunta gaba ɗaya. Muddin ci bai fi tsiro sauri ba, doki ba ya bukatar kome a ƙafa. Wannan ne ya sa galibin dawakin ƙasar Hausa, masu taka rairayi da busasshiyar ƙasa, suka rayu ba takalmi. Amma idan aka ɗora wa doki nauyi, aka bi da shi kan duwatsu kwana da kwanaki, sai kofato ya suɗe, ɗingishi ya biyo baya.

Dabarun Mutanen Dā

Zenofon, marubucin nan na ƙasar Girka, ya yi littafi a kan kiwon doki a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Shawararsa ita ce a shimfiɗa duwatsu inda doki ke tsayawa domin kofato ya taurare. Romawa kuwa sun ƙera wani faranti na ƙarfe mai kunnuwa da ƙugiya, wanda ake ɗaura wa kofato da igiya ko tsirkiyar fata. An tono irinsa da yawa a Faransa da Ingila. Aibinsa a fili yake: yana da nauyi, yana kwancewa, ɗaurin kuma yana goge fata. Don haka masana da dama suna ganin an fi amfani da shi wajen jinyar kofato da kuma dabbobin jan kaya masu tafiyar hankali.

Can a Japan ma an bi wannan hanya, sai dai da takalmin da aka saƙa da karan shinkafa. Engelbert Kaempfer, likita Bajamushe da ya zauna a ƙasar daga 1690 zuwa 1692, ya bayyana shi a rubuce-rubucensa. Ba ya da nauyi, amma nan da nan yake cinyewa, sai matafiyi ya riƙa sauya wani a hanya.

Takalmi mai ƙusa ya bazu a Turai wajajen shekara ta 1000 Miladiyya, ya kuma yi rinjaye saboda dalili guda: idan maƙeri ya buga shi, yana zama makonni ba ya motsi. Duk da haka bai rasa masu suka ba. Tun a 1809 Bracy Clark, likitan dabbobi a Ingila, ya rubuta cewa ƙarfe yana hana kofato buɗewa in ya taka ƙasa, har ya tsuke a kwana a tashi. Abin da ya rasa shi ne madadin da zai jure aiki.

Tseren Dogon Zango da Dawowar Tsohuwar Dabara

A 1955 Wendell Robie da wasu abokansa suka hau dawaki daga yankin tafkin Tahoe zuwa garin Auburn a jihar Kalifoniya ta Amurka, tafiyar mil 100 ta kan duwatsun Sierra Nevada cikin yini da dare guda. Daga nan aka sami gasar Kofin Tevis, wadda daga gare ta tseren dogon zango na zamani ya samo asali. Ƙa'idar irin wannan gasa ita ce likitocin dabbobi su duba doki a tashoshi, wanda duk ya nuna ɗingishi a fitar da shi. Ke nan lafiyar kofato ita ce ke raba mai isa da mai komawa gida.

A 1970 Neel Glass, masanin kimiyyar nukiliya a Los Alamos, ya ƙirƙiro takalmin Easyboot na roba mai tauri, wanda ake ɗaurewa da waya da maɓalli. Da farko mahaya sun ɗauke shi tamkar safayar taya, sai in takalmin ƙarfe ya fita a daji. Al'amari ya sauya bayan Jaime Jackson ya yi nazarin kofaton dawakin jeji na Amurka a shekarun 1980, ya kuma buga littafinsa a 1992. Masu barin doki ba ƙarfe suka yawaita, suna sa masa takalmi lokacin hawa kaɗai. A 2012 Garrett Ford ya ci Kofin Tevis da doki mai takalmin roba na liƙawa. Ya dace dai mu tuna cewa shi ne mai kamfanin da ke yin takalmin, kuma nasara ɗaya ba ta zama hujja a kan kowane doki.

Abin da Tarihi Ya Koya wa Mai Zaɓe

Idan muka duba da kyau, aibobi uku ne suka kayar da takalman dā: kwancewa, da gugar fata, da saurin cinyewa. Roba ta rage na uku ƙwarai. Biyun farko kuwa suna hannun mai doki.

Na ɗaya, a auna faɗi da tsawon kowane kofato da milimita, jim kaɗan bayan an gyara shi da magagari, domin na gaba ya fi zagaye, na baya ya fi tsukewa. Takalmin da ya yi yawa zai juya ko ya maƙale a taɓo, wanda ya yi kaɗan kuma zai matse diddige. Na biyu, a yi la'akari da hanya. Mai ɗauri yana da sauƙin cirewa, amma rairayi da ruwa sukan shige shi su ƙuje fata. Na liƙawa bai kai inda gashi ya fara ba, don haka ba ya guga, sai dai yana son busasshen kofato da hannun gwani, kuma ba a barin sa ya daɗe. Na uku, kada ranar gasa ta zama ranar gwaji. Dokin da aka cire wa ƙarfe yakan ɗauki watanni kafin tafin kofatonsa ya taurare.

Kammalawa

Mun ga cewa takalmi mai ƙusa ya yi mulki na kusan shekara dubu saboda ba ya fita. Yau da aka sami kayan da Romawa da Japanawa suka rasa, ma'aunin bai canza ba. Takalmin ƙwarai shi ne wanda ya zauna daram, bai ji wa fata ciwo ba, ya kuma kai doki gaban likita a tashar ƙarshe yana taku daidai. Muna roƙon malaman likitancin dabbobi da ke wannan taro su gwama nazarin kofato da tarihinsa a darussansu.