Kalmar «pound» ta Ingilishi: nauyi, kuɗi da abin da Hausa ta yi da ita

1. Gabatarwa

Duk mai binciken tarihin kasuwanci tsakanin Maraɗi, Damagaram da Kano ba zai rasa cin karo da kalmar «pound» ba a takardun Turawan Ingila. Wannan ɗan nazari zai nuna cewa kalmar ba ma'ana guda ke gare ta ba, kuma rashin lura da haka yana iya ɓata lissafin ɗalibi gaba ɗaya.

2. Asali

A rubuce kalma ɗaya ce, amma tushe uku ne suka haɗu a cikinta. Akwai aikatau mai nufin daka ko bugu. Akwai suna mai nufin shingen da ake tsare dabbobin da suka ɓata. Sa'an nan akwai ta awo da kuɗi, wadda ita ce ta shafe mu. Wannan ta ukun daga Latinanci ta fito, inda «libra pondo» ke nufin libra ɗaya a bisa awo. Ingilishi ya riƙe «pondo» a baki, ya bar «libra» a alƙalami: daga nan aka sami taƙaitawar lb da alamar £. Faransanci kuwa «libra» ya gada, ta zama «la livre».

3. Daga ma'auni zuwa kuɗi

A ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Sharlaman, an tsayar cewa daga nauyin libra ɗaya na azurfa za a buga ƙananan tsabobi 240. Sunan nauyin sai ya zama sunan kuɗin. Faransa ta bar wannan tsari a 1795 da ta koma ga tamma, amma Ingila ta riƙe shi, sule 20 ko kwabo 240 a fam guda, har ranar 15 ga Fabrairu 1971. Shi ma nauyin ba iri ɗaya ba ne: na kasuwa oza 16 ne, wanda yarjejeniyar 1959 ta tsayar a kan giram 453,59, na maƙeran azurfa da zinariya oza 12 ne, wajen giram 373. A bakin ƴan kasuwar Faransa kuma «livre» rabin kilo ce.

4. Shigowarta Hausa

A 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, kuɗinta ya bi layin dogo da cinikin gyaɗa ya game ƙasar Hausa. A nan ne Hausa ta yi abin da Ingilishi bai yi ba: ta raba ma'anonin biyu. Kuɗi ta kira shi «fam», daga abin da kunne ya ji. Nauyi ta kira shi «laba», wadda ake dangantawa da haruffan lb. Bahaushe ba ya ruɗa fam da laba.

Sai dai fam ɗin ma ya sāke ma'ana. Ranar 1 ga Janairu 1973 Najeriya ta fito da naira, a kan naira 2 ga fam guda. Kuɗin ya tafi, sunan ya zauna: fam ya zama naira 2, jaka kuma, wadda da fam 100 ce, ta zama naira 200. A wannan gefe na iyaka kuwa jika tamma 1000 ce ta sefa, wato dala 200.

5. Kammalawa

Saboda haka, idan tsohon dillalin gyaɗa ya ce ya sayar da kaya fam goma ko jika biyu, bai kamata mai bincike ya rubuta adadin ba sai ya tambayi shekara da kasuwar da aka yi cinikin. Haka nan idan ya ga «livre» a rahoton kumandan, sai ya tantance ko nauyi ake nufi ko kuɗin Ingila.