Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya: Daga Dajin Burma Zuwa 15 ga Janairu

A Dogon Daji, da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, duk wanda ya fara furfura ya san irin tsohon nan da ake cewa ya je Yaƙin Hitila. Ko a inuwar masallaci yake zaune ba ya lanƙwasa baya, kuma a ƙasan akwatinsa akwai lambar girma naɗe cikin tsumma. Don irinsa aka kafa Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya.

Asalin abin daga Yaƙin Duniya na Biyu ne. Turawan Ingila sun nemi sarakunan Arewa su taya su ɗibar samari, lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai daɗe bisa karaga ba. A 1943 aka haɗa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Burma su kara da Japan. Sun yi ta fama a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin ruwan sama da zazzaɓi, suna ɗauke da kaya a ka, har suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Hausa ce yaren da ya haɗa yawancinsu. Har gobe barikin Myohaung da na Arakan a Legas, da na Chindit a Zariya, suna ɗauke da sunayen da suka samo asali daga wannan yaƙi.

Da aka sallame su, sai ga wani yaƙin a gida. Wani ya dawo da ƙafa ɗaya, wani ya tarar gonarsa ta koma daji, wani kuma barci ya ƙaurace masa. A 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ƙungiyar jin daɗin tsofaffin sojoji don nema musu aiki da tallafa wa nakasassu. Bayan samun 'yanci, a 1964, aka yi dokar da ta kafa Nigerian Legion, wato Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, ta gaje ta.

Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya sauya girmanta baki ɗaya. Sojan da bai wuce kimanin mutum 10,000 ba ya kai kusan 250,000, ga zawarawa da marayu ko'ina. Sai ƙungiyar ta bazu, ta yi rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. Ta kuma riƙe sashen masu gadi, waɗannan dattawa masu kaki da muke gani a ƙofar makarantu da ma'aikatu, don mai sauran ƙarfi ya ci guminsa. Ranar tunawa ma, wadda a da ake yi ran 11 ga Nuwamba kamar a Ingila, aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare. Kafin ranar akan ƙaddamar da bajon neman taimako, a yi addu'a a masallatan Juma'a da coci-coci, sannan a ranar a ajiye furanni a saki tantabaru. Daga baya waɗanda suka dawo daga Laberiya da Saliyo suka shigo, yau kuma ga masu dawowa daga Borno da dazuzzukan Zamfara da Sakkwato.

Akwai abin koyi daga wasu da Yaƙin Duniya na Biyu ya fi cinyewa. Yahudawa, waɗanda gwamnatin Hitila ta kashe musu mutum kusan miliyan 6 a Turai, sun kafa ƙungiyar neman diyya ta Claims Conference a 1951. A yarjejeniyar Luxembourg ta 1952, Jamus ta Yamma ta amince ta ba ta Mark miliyan 450, kuma har yau ƙungiyar tana biyan masu kula da tsofaffin da suka tsira a cikin gidajensu. A 1953 aka kafa cibiyar tunawa ta Yad Vashem a Birnin Ƙudus, inda aka tattara sunayen mamata fiye da miliyan 4, tare da bayanan waɗanda suka ga abin da idonsu. Sun riƙe abu biyu tare: magani da abinci ga mai rai, suna a rubuce ga wanda ya rasu.

Mu a nan bikin ranar tunawa ya kafu, sauran biyun ne ke rarrafe. Tsohon soja na jiran fansho har ya gaji, matar mamaci na yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. Waɗanda suka je Burma kuwa sun kusa ƙarewa. Wanda ya rage ya kusa shekara ɗari ko ya haura.

Wannan aiki bai fi ƙarfin gari ba. Hakimi da limami da malamin makaranta a Dogon Daji za su iya bin gida-gida tare da reshen ƙungiyar, su rubuta sunan kowane ɗan gari da ya je yaƙi, da inda ya je, da wanda ya bari. Jikoki su naɗi muryar kaka a waya tun tana iya ba da labarin mijinta. In an fitar da zakkar hatsi bayan kaka, a fara leƙa waɗannan gidaje. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe waɗanda suka bari.