Yadda ake fitar da iyakar fili a AutoCAD

'Yan uwanmu da yawa mazauna Agege, Sabo ta Ibadan da Fatakwal kan sayi fuloti a Minna ta waya. Ni da zan sayi nawa a Dutsen Kura, sai da na zauna da safiyo na ga yadda ake zana iyaka.

Da farko yakan ɗauko lambobin kowace kusurwa da na'urar GPS, ya zuba su a AutoCAD, ya haɗa su da layuka. Sannan ya buga umarnin BOUNDARY, ya danna tsakiyar filin, manhajar ta zagaye shi da rufaffen layi guda. In layukan ba su haɗe ba, ba za ta fitar ba. Umarnin AREA kuma shi ke ba da girma: ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne.

Ku tambayi ma'aunin da aka bi. Taswirorin filaye da yawa a Nijeriya suna kan Minna Datum, GPS kuwa WGS84. In aka cakuɗa su, fili kan gusa gomman mitoci ya hau na maƙwabci. Kafin ku biya, ku tabbatar safiyon yana da rajistar SURCON.