Gardamar Hamburg da Ta Haifi Takin Zamani

A shekarar 1907, a taron masana sinadarai na ƙungiyar Bunsen a birnin Hamburg na Jamus, Walther Nernst ya miƙe a bainar jama'a ya ce alƙaluman Fritz Haber ba daidai ba ne. Tambayar da ta haɗa su ita ce: in aka gama iskar naitirojin da haidirojin a zafin digiri 1000, amoniya nawa za a samu? Abin da Haber ya auna bai taka kara ya karya ba, ko kashi 0.02 cikin ɗari bai kai ba. Duk da haka Nernst ya ce ya yi yawa.

Haber ya ji zafin abin. Ya koma birnin Karlsruhe, shi da mataimakinsa ɗan Birtaniya, Robert Le Rossignol, suka duƙufa.

Tushen gardamar wata lamba ce da ake kira Kp. A cikin rufaffiyar tukunya, kowace iska tana da nata rabon matsi. Idan haɗuwa da wargajewa suka yi kunnen doki, sai a ninka matsin amoniya da kansa, a raba da matsin naitirojin wanda aka ninka da na haidirojin har sau uku. Abin da ya fito shi ne Kp, kuma zafi kaɗai ke motsa shi. Wayon yana nan: matsi ba ya taɓa lambar, amma tunda mudu huɗu na iska ke komawa mudu biyu na amoniya, in aka matse tukunyar dole amoniya ta ƙaru domin lissafin ya tsaya. Zafi kuwa rage Kp yake yi, ga shi in babu zafi haɗuwar tafiyar hawainiya take.

Mafitar Haber ita ce matsi mai tsanani, kusan ninki 200 na iskar da ake shaƙa, da ƙarfen osmiyom mai hanzarta haɗuwar. Ranar 2 ga Yulin 1909 amoniya ta ɗiɗɗigo a gaban wakilan kamfanin BASF.

Carl Bosch na kamfanin BASF ne ya mai da abin masana'anta, a garin Oppau a 1913, bayan abokin aikinsa Alwin Mittasch ya maye gurbin osmiyom mai tsada da baƙin ƙarfe. Daga irin wannan amoniya ake yin yuriyar da manomi ke zuba wa masara da damina.