Fadannin Liyon: Yadda Ƙungiyar SMA Ta Kafu

Duk wanda ya yi karatu a makarantar mishan ta Katolika a Jos, Kaduna ko Shendam, da wuya bai ci karo da haruffan SMA a bayan sunan wani Fada ba. Ƙungiyar ta samo asali ne daga wata taƙaddama da aka yi a Indiya.

An haifi Melchior de Marion Brésillac a kudancin Faransa a 1813, ya zama firist a 1838, sannan ya tafi Indiya a 1842 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta Paris. Aikin da ya fi shiga ransa a can shi ne koyarwa a makarantar horar da limaman coci ta Pondicherry. Ra'ayinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa sauka daga kansa ba: cocin da ba ta da limamai 'yan ƙasa baƙuwa ce, ko shekara nawa ta yi a wuri. Abokan aikinsa da dama ba su ga alamar gaggawa ba, ga kuma rigimar bambancin asali da ke raba Indiyawa aji-aji har cikin majami'a. An naɗa shi bishop a 1846, amma saɓanin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har ya ajiye muƙaminsa a 1855.

Bai koma gida ya huta ba. Ya nemi Roma ta tura shi Dahome, aka ce masa mutum ɗaya ba ya ɗaukar irin wannan kaya, ya fara kafa ƙungiya tukuna. Ranar 8 ga Disamba 1856, shi da wasu 'yan tsirarun abokai suka hau tudun Fourvière a birnin Liyon, suka sadaukar da kansu ga aikin Afirka. Nan aka haifi SMA, wato Ƙungiyar Mishan ta Afirka. Tsarinta ya bambanta da na sufayen Katolika masu zaman kaɗaici: firistoci ne da 'yan'uwa masu taimaka musu, waɗanda rantsuwar zama cikin aikin mishan ta ɗaure su wuri ɗaya.

Roma ta ba shi Saliyo maimakon Dahome. Ya sauka Freetown ranar 14 ga Mayu 1859, ya tarar cutar shawara na yi wa garin kisan kiyashi. Ranar 25 ga Yuni ya rasu, mako shida kacal da isowarsa. Cikin mutum shida da ƙungiyar ta tura, ɗaya ne ya koma Faransa da rai.

A ganina a nan ne ainihin tarihin ya fara, domin abin da ya rage a Liyon bai wuce wani firist ɗan shekara talatin da 'yan kai, Augustin Planque, da 'yan tsirarun abokan aiki da ɗalibai ba. Mai hankali zai ce a rufe gidan. Planque ya ƙi, ya ci gaba da riƙon ƙungiyar har rasuwarsa a 1907. Yawancin wannan zamani ya ƙare ne a kan abu biyu: neman kuɗi coci-coci da neman samari. Ɗalibi zai yi falsafa da ilimin tauhidi cikin Latin, a naɗa shi, ya shiga jirgin ruwa yana sane da cewa da yawa daga waɗanda suka riga shi ba su daɗe a gaɓar tekun ba zazzaɓi ya kwashe su. Makarantar Liyon ta zama kamar rijiyar da ake ɗiba ba a bari ta taru. A 1861 Fada Francesco Borghero, ɗan Italiya, ya sauka Ouidah a Dahome, daga nan aiki ya miƙa zuwa Legas, inda bayin da aka 'yanta suka dawo daga Brazil da addininsu na Katolika. Da Ingilishi ya zama dole a ƙasashen da Ingila ke mulka, sai aka buɗe gida a Cork ta ƙasar Ailan cikin shekarun 1870, wanda ya zama lardi mai cin gashin kansa a 1912. Daga can ne yawancin Fadannin da Arewa ta sani suka fito.

SMA ta buɗe tasha a Lakwaja a 1884, sannan a Fabrairun 1907 Fada Oswald Waller da abokansa biyu suka isa Shendam, ƙasar Goemai. A lokacin Turawan mulki ba sa barin mishan ya yi wa'azi a cikin masarautun Musulmi, shi ya sa Fadannin suka karkata zuwa wurare irin su Shendam.

To ina burin Brésillac na limamai 'yan ƙasa? Ya ja jiki ƙwarai. Sai a 1914 aka buɗe makarantar horar da firistoci a Ouidah, sai a 1920 aka naɗa Paul Emecete, firist ɗin Katolika na farko ɗan Najeriya, wanda ya taso a hannun Fada Carlo Zappa a yankin Asaba. Mutuwa da ƙarancin hannu sun taka rawa a jinkirin, amma raina baƙar fata irin na zamanin ma yana ciki. Ita kanta SMA ta daɗe tana horar da 'yan Afirka don dayosis-dayosis ɗinsu kawai, ba ta yanke shawarar karɓarsu a matsayin mambobinta ba sai a 1983.