Lawal, Sani, Salisu: Tarihin Sunayen Lissafi

In ka bi ta Hotoro da hantsi, ko Tarauni, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ka tsaya bakin wata makarantar allo ka ɗaga murya ka ce, "Sani!" ba shakka yara uku ko huɗu za su waiwayo. Amma in ka tambaye su ma'anar sunan, da wuya ka sami mai ba ka amsa. To, ma'anarsa ita ce "na biyu". Sunan nan lissafi ne, kuma yana da 'yan'uwa tara.

Ga su bi da bi, yadda Larabci ya jera su: Auwalu, wanda bakin Bahaushe ya mayar Lawal ko Lawan, shi ne na ɗaya. Sa'an nan Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, sai Ashiru na goma.

Asalin abin kuwa son Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Kafin nan sunayen sarakuna su ne irin su Bagauda, da Warisi, da Gijimasu. Daga Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya hau a 1463, sai sunan Muhammadu ya yawaita a gidan sarauta: ga Kisoki, ga Shashere, ga Zaki, ga Nazaki, duk Muhammadu ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma haka ya yi, ya sami Muhammadu Sambo, da Muhammadu Bello, da Muhammadu Buhari. To, in malami ya raɗa wa 'ya'yansa maza biyar suna guda don neman albarka, yaya zai kira ɗaya ba tare da sauran sun amsa ba? Sai ya yi dabara irin ta mai karatu, ya bi su da lamba. Watau sunan yanka Muhammadu ne, Salisu kuwa alama ce kurum. Da tafiya ta yi tafiya alamar ta danne sunan.

Kada mai karatu ya yi mamakin aron lamba daga Larabci. Kakanninmu "gomiya biyu" suke cewa kafin su ari ashirin. Ko ranakun mako ma lissafi ne: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Saboda haka Talatu da Balarabe su ma lamba suke ɗauke da ita, ba su sani ba.

Amma fa Bahaushe ya daɗe yana lura da wanda ya riga wani zuwa duniya. Shi dai ba ƙirga yake yi ba, labari yake bayarwa. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande ko Delu. Wanda ya bi tagwaye Gambo, kamar Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, sunanta na yanka Hajaratu. Na ƙarshe Auta. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa kuwa, watau mai wabi, takan ce da ɗanta Ajuji ko Bawa, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Filani su kuma suna da Dikko na fari da Sambo mai bi masa, kun kuwa san Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

Fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro sun tarad da irin wannan al'ada wurin Tonawa. A can Mensa shi ne na uku, Annan na huɗu, Nkrumah na tara. Sunan nan na tara shi ne na Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo mulkin kan Gana a 1957. A Basara ta ƙasar Iraƙi ma, an ce waliyyiyar nan Rabi'atul Adawiyya ta sami sunanta domin ita ce ta huɗu a 'ya'ya matan ubanta.

Ni dai aikina rubuta sunayen mutane ne a ofis, a nan kuwa na gane nauyin abin. Wata rana wata tsohuwa daga Hotoro ta zo a rubuta magadan mijinta. Na ce ta jero mini 'ya'yan. Ta ce, "Akwai shi babban." Na ce, "Wa ke nan, Iya?" Ta sunkuyad da kai, sai ƙanen mijin ne ya ce, "Lawal." Na ji kunya, don na san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Sa'an nan ta ce Salisu, ta ce Hamisu, ta yi shiru. Ni kuwa da saurin baki na ce, "Ina Sani da Rabi'u?"

Ta ce Rabi'u ƙyanda ta ɗauke shi tun ba a yaye shi ba. Sani kuwa ya girma, ya yi aure, ya rasu wata biyu bayan uban, ya bar 'ya mace guda wurin dangin uwarta. Nan take aka ga akwai gyara, domin wanda ya rasu bayan ubansa ya riga ya ci gado, rabonsa kuwa na magadansa ne. Ba mugunta ta sa aka tsallake shi ba, rayayyu kaɗai aka ƙirga. Gurbin da ke tsakanin Lawal da Salisu shi ya tuna da yarinyar nan. A zamanin da babu takardar haihuwa, sunayen nan su ne littafin gida, kuma littafi ne wanda ba ya share matattu.

Sai dai tilas in faɗi gaskiya, littafin ya fara ruɗewa. Tun zamanin da malaman En'e ke rubuta masu biyan haraji, kafin a soke shi a Kano a 1979, an saba a yar da Muhammadu a rubuta Sani kurum, don layin takarda gajere ne. Makarantar boko ta zo ta ce kowane yaro ya haɗa sunansa da na ubansa, sai ka ji Sani Lawal, ko Auwalu Ashiru, watau na ɗaya ɗan na goma. Haka sunan Malam Muhammadu Rabi'u ya zama sunan zuriya ta hannun ɗansa, Halifa Isyaku Rabi'u, wanda ya rasu a 2018. Ga kuma yi wa kaka takwara: mutum ya sami ɗan fari ya sa masa Tasi'u don sunan mahaifinsa ne. Ban ga laifin wannan ba, girmama iyaye ne, amma lissafi ya tashi.

Unguwannin nan da na ambata, dā ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa, kowa ya san gidan kowa. Yanzu sun cika da baƙi daga ko'ina, har maƙwabci bai san ko Hamisun gidan gaba na biyar ne ko na fari ba. Saboda haka in na ji gurbi a jerin sunaye nakan tambaya, amma a hankali, kuma ba uwar nake tambaya ba.